Bayan Allo

Ni ne Sallau mai fenti, bayan tashar Garwa,
rumfata kwano biyar ce da benci guda.
Duk allon da ka gani a hanyar Fitowa
mai alkawarin ruwa, ko injin niƙa, ko jari,
hannun nan ne ya rubuta shi,
ban kuwa taɓa kuskuren harafi ba.

Na farko, shekarar da aka yaye Tabawa:
"Dam na noman rani don manoman albasa."
Miliyan ɗari huɗu na sefa.
Sifilin nan sai da na ƙirga su da tsinke,
na sake ƙirgawa,
don ban taɓa jera ƙwai haka a layi ɗaya ba.

Ranar kafa shi an zo daga Yawunde,
motoci goma sha ɗaya masu baƙin gilashi.
Aka miƙa wa babban baƙo shebur mai ƙyalli,
ya ɗebi ƙasa sau ɗaya, aka yi tafi,
ya goge hannu da farin hankici.
Shebur ɗin nan guda shi ne dam ɗin.
Ƙasar wurin ba ta sake jin ƙarfe ba.

Bayan damina huɗu yaron ofis ya dawo da allon
a bayan babur, gefensa duk tsatsa.
Ya ce shafe, rubuta sabo:
"Tallafin mata, keken ɗinki ɗari biyu."
Na shafa fari a kan dam,
dam ya nutse bai jiƙa kowa ba.

Matata Ladidi ta kai hoto biyu
da jaka uku kuɗin takarda,
ta yini a layi da goyo.
Kekuna sun zo, na gan su da idona,
goma sha biyu, a jere gaban masu ɗaukar hoto.
Da la'asar aka mayar da su mota.
Yau suna wani shago a babbar kasuwa,
na ƙanin matar wanda ba zan faɗa ba.

Kar ku ce zagi nake. Ni ma na ci.
A ba ni jaka goma sha biyar,
in sa hannu a takardar da ta ce tamanin.
Da su na auno masakwa, na biya kuɗin makaranta.
Kura ta ci sa ta bar wa dila kofato,
dila kuwa bai ce a kai ƙara ba.

Bana zaɓe ya matso, allon ya dawo karo na biyar.
Fenti ya yi kauri kamar ƙanzon tukunya.
In ka kankare da farce
ka tarar da masuntan Lagdo a kan matasa,
matasa a kan mata,
can ƙasa dam yana kwance,
bai ƙafe ba, don bai taɓa cika ba.

Tabawa ce ke riƙe min gwangwani yanzu.
Ta karanta abin da aka aiko:
"Shugabanci nagari, arziki ga kowa."
Ta ce, Baba, sifili nawa ne wannan karon?
Na ce tara.
Ta ce, ina namu a ciki?
Na ce riƙe da kyau, kar ki zubar min da ja.
Ta ce, ai sifilin ne namu,
su suka ɗauke lambar da ke gaba.
Na ce ta yi min shiru.
Ban dai ce ƙarya ta yi ba.

Gobe za su zo da kuɗi da takardar sa hannu.
Allo ya bushe, harafi ya miƙe, ya yi kyau.
Amma a bayansa, kusa da ramin ƙusa,
inda ba mai dubawa,
na sa ƙaramin buroshi na jera su:
dam, keke, jari, komar kamun kifi,
kowanne da shekararsa,
a ƙasa kuma: Sallau, shaida.
Wannan gefen ba wanda ya biya ni,
ba kuma zan shafe shi ba.