Tagulla Bakwai

A soron Baffa Sallau, can ƙasan Ƙofar Mazugal,
in an sallame isha, an ɗauke wuta kamar kullum,
sai ya jawo akwatinsa na zamanin reluwe,
ya shimfiɗa buzu, ya kafa fitila bisa turmi,
ya ce da ni, "Rufe ƙofa. Rufe baki."

Ba a shan shayi a nan, ba a ƙyasta ashana.
Ko sauro ya cije ni, sai dai in haɗiye.

Kwanson harsashi bakwai yake jerawa a tsaye,
ya goge kowanne, ya ɗaga shi ga haske
kamar mai neman baragurbi cikin ƙwan zabi.
Wanda wuyansa ya tsage, a gefe zai kwana:
"Tsohon da ya gaji ba a aikensa dawa."

Sannan sikeli, ɗan mitsitsi, irin na 'yan gwal.
Albarushi na sauka ƙwaya bayan ƙwaya,
numfashinsa a riƙe, gemunsa ko motsi.
Littafin awo na gefe, bangonsa duk maiƙo,
don a cewarsa ƙwaƙwalwa takan yi ƙarya,
kuma ido biyu kawai Allah Ya ba shi.

A da dalma yake ɗorawa, kamar kowa.
Sai shekarar da ya kawo gada daga kudu,
aka yi farfesu, ƙamshi har gidan maƙwabta.
Jikarsa Hajjo, 'yar shekara huɗu,
ta tauna, ta tsaya, ta tofo masa a tafi
wani ɗan baƙin abu, bai kai ƙwayar gero ba.
Ya daɗe yana juya shi da farce.
"Wannan ta tofar. Ina sauran?"
Ba wanda ya amsa.
Tukunya ta huce a kan murhu.

Daga ranar ya koma tagulla.
Ga tsada, ga jira, wani sa'in wata biyu
kafin mai kawowa ya kawo, da takarda da hatimi.
Abokan farauta suka samu abin majalisa:
"Sallau ya koma harbin dawa da awarwaro!"
Barau har da riƙe ciki.

Shi dai bai tanka ba sai bayan kaka,
ya buɗe musu tsohon gwangwanin alewa.
Guda ce a ciki, daga kafaɗar mazo ya ciro ta,
ta buɗe baki kamar furen kabewa
amma ko ɓarɓashi ba ta zubar ba.
Ya aza ta a sikeli, allura ta tsaya cak.
"Abin da na aika, shi ya dawo.
Ban bar wa yaro a miya ba,
ban bar wa ungulu a kayan ciki ba.
Kai Barau, yaushe rabonka da ungulu a kwata?"
Barau ya ɗaga kai sama, ya yi ta lissafi.

Bana hannun Baffa ya soma rawa.
Ya miƙo min ɗan cokalin bai ce komai ba.
Ni ke awo, shi ke tsaron allura,
in na yi gaggawa ya taka min yatsa.
Bakwai muka ɗora, ja jawur, kai ɗaya,
ya naɗe su a ƙyalle, ya bi motar asuba.

Kwana uku sai ga shi, ƙafa duk ƙarangiya,
jaka ba nauyi.
Na kwance ƙyalle na ƙirga: bakwai.

"Ba ta fito ba ne, Baffa?"
"Ta fito. Har na aza kunci.
Sai ga ɗanta a baya, ƙafafu kamar tsinke."

Hajjo ta leƙo soro, ta zama budurwa,
haƙoranta reras, tana tambayar nama.
Ya laluba aljihu ya ba ta ɗari biyar,
ya ce ta sayo awara a bakin titi,
ta ce wa mai suyar ta ƙara yaji.