Kalma Ɗari Biyar

Sun ce in faɗa musu ko ni wace ce,
kada in wuce kalma ɗari biyar.
Ni da na yi shekara goma sha ɗaya a sashen wankin ƙoda,
nan Jidda, hawa na uku,
inda taga ke kallon teku
mu kuwa muna kallon allura.

Bayan isha na zauna.
Na rubuta jagoranci sau huɗu, hangen nesa sau biyu,
na tura wa Barira.
Ta bugo tana dariya:
Hansatu, kayan aro ne wannan, bai rufe miki katara ba.
Ke kina ina a ciki?

Na goge duka.
Farin shafi ya zuba mini ido
kamar majinyaci mai jiran sakamako.

Sai na tuna shekarar da kayanmu suka maƙale a tashar jirgin ruwa.
Mutum arba'in da biyu a hannuna,
matatar jini ta kwana tara kacal a sito.
Na ja layi a bayan takardar magani,
na kira asibiti uku, biyu suka ce Allah ya kyauta,
na ukun ya ba mu rance.
Dillalin da ya ninka farashi
na tsare shi a waya har shayinsa ya huce.
Ba wanda ya rasa ranarsa.
Ashe abin yana da suna a littattafansu,
ni dai na san ban yi barci ba.

Dakta Munzir zai rubuta mini takardar shaida.
Ya cire tabarau: barinmu za ki yi?
Na ce kada ka rubuta mai haƙuri ce,
kowa ya san nas da haƙuri.
Rubuta musu asarar da na rage a sito,
kashi ɗaya cikin biyar, ka sa shekarar, ka sa hannu.

Jarrabawar lissafi ta kayar da ni a karon farko.
Na ari littafin Nazifi na sakandare,
yaron da na koya wa ƙirga yatsu
yanzu shi ke buga tebur: Umma, sake duba alamar.
Karo na biyu na haye, ba da tsalle ba,
da jan gindi.

Akwai wanda na ɓoye a rubutun farko.
Baba, da tukubar tsirensa a Hindawiyya,
shekara talatin hayaƙi na cin idonsa.
Ya ɗaga cinyar rago ya faɗi tsinke nawa za ta yi,
bai taɓa kuskuren da ya wuce biyu ba.
Littafin bashinsa da ajami ne, duk maiƙo,
ya san wa za a bi, wa za a yi wa shiru har albashi.
A gefensa na fara ba da canji
ina tsaye a kan kwalin lemo.
Na sa shi a sakin layi na biyu, da ƙanshin ƙuli-ƙulinsa.

Me ya sa sai yanzu, kina shekara talatin da shida?
Saboda na gaji da ganin ƙarancin kaya daga bakin gado.
Ina so in zauna inda ake sa hannu a kan oda,
in kasance wadda ta taɓa riƙe hannun
da lambar ke nufi.

Na ƙirga: ɗari biyar da sha biyu.
Jagoranci ɗaya ya saɗaɗo ya dawo, na cire shi,
na cire teku, na cire shayin dillali.
Baba na nan.

Na tura ana kiran assalatu.
Na goge farar rigata, tunda da sauran aiki:
ƙarfe bakwai Malam Tukur zai hau gado na shida,
kuma ba ya yarda kowa ya nemo jijiyarsa sai ni.