Kwasar Wasiƙu a Kakuri

Saƙon ya zo ran Talata, ina tsaka da tankaɗe:
wai akwatin imel da aka daɗe ba a leƙa ba
za a share shi, kamar ɗakin haya
da mai shi ya fita bai bar sallahu ba.
Akwatin Yaya Tasi'u ne.
Lambata ya ba su tun yana da rai,
ko da wata rana.

Na kakkaɓe gari, na yafa gyale,
na hau bas daga Tudun Wada zuwa Kakuri,
shagon Bitrus, bayan tsohuwar masaƙa
inda ciyawa ta fi ƙofa tsayi.
Nan Yaya ya yi shekara sha tara a ɓangaren rini
kafin injuna su yi shiru, ya nausa Fatakwal.

Bitrus ya ce, “Kalmar sirri fa, Hajiya?”
Ban je Makka ba, amma na ƙyale shi.
Na ba da sunan Inna. Ta ƙi.
Na ba da ranar haihuwarsa, wadda shi ma kintata ya yi. Ta ƙi.
Sai na tuna akuyarmu mai satar dusa,
Ƙyalla, wadda ya ƙi cin namanta
har aka yi masa waƙa a unguwa.
Ƙyalla, da lambar gidanmu.
Ƙofa ta buɗe.

Dubu uku da ɗari biyu da sha ɗaya.
Rabi talla ne, da 'yan damfara
masu yi masa albishir da gadon da ba shi da shi.
Amma in ka tona, kamar gyaɗa a ƙasa,
ga takardar neman haƙƙinsa na masaƙa, sau bakwai ya aika,
ga rasidin kuɗin makarantar Sagiru,
ga hoton ƙafarsa a kumbure da ya tura wa likita,
mu kuwa kullum “lafiya lau” yake ce mana.
Ga wata da bai aika ba:
“Lantana, game da maganar filin nan na Rigasa,”
sai waƙafi.
Nan ta tsaya.

“Wanne za a ɗauka?”
Na ce duka.
“Har tallan?”
Na ce yaro, ba tsinta na zo ba, kwasa na zo.

Ya latsa, ya ce sai an jira su ɗaure kayan a can.
A ina? Ya nuna sama da leɓe.
Muka jira. Aka ɗauke wuta.
Ya ja janareta sau huɗu yana yi masa magiya.
Wani koren layi ya kama rarrafe,
ya tsaya a sittin da takwas
har na yi la'asar a kan kwalin firinta.

Ya zuba su a filashi, abin bai kai dabino ba.
Ya ce in kwafa a kwamfutar Sagiru ma,
wuri biyu, in da hali uku,
don akwatin nan gidan wasu ne,
kayan aro kuwa ba ya rufe katara.
Ya buɗe ɗaya a gabana don in shaida ta shiga.
Na ce ya buga mini mai waƙafin a takarda.
Wannan bai karɓi kuɗinta ba.

A kan gada, kogi ya cika ya yi ja.
Na ƙulle Yaya a haɓar zane,
inda Inna ke ƙulle kuɗin goro,
shekara goma sha uku na maganarsa
ba su kai nauyin mabuɗi ba.

Filin Rigasa an daɗe da sayarwa,
mun yi faɗa a kansa, mun daina gaisawa wata tara.
Takardar tana ƙarƙashin filona.
Wani dare in ce haƙuri zai ba ni,
wani dare in ce zagi ne ya fasa.