Eka Biyu da Rabi

Ƙanƙara ta narke a Minnesota ran sha tara ga Afrilu,
ƙasa ta buɗe ido, ta yi hamma,
ba ta tambayi wa aka binne da hunturu ba.
Haka halinta yake, ciyawa.

Shekara arba'in da ɗaya Orvel na tura tsohon injinsa
daga bakin titi har bakin tafki,
ya dawo sharkaf, ya ce, "Verna, ruwa."
Bana na kama hannun injin da kaina.
Layi uku na yi, gwiwata ta durƙusar da ni,
ta rantse ba ta ƙarawa.

Sai na ɗau littafinsa mai ɗigon baƙin mai,
na tuƙa zuwa shagon Hovland da ke bayan coci.
Ga su a jere, ja, kore, ruwan ɗorawa,
kowanne da kujera da sitiyari,
da farashi rataye a wuya,
sai walƙiya suke, ba wanda ya taɓa sanin laka
ko saiwar da ke laɓewa.

Yaron shagon, Tanner, ya taho da murmushi:
"Wannan jan, Kaka, yana da fitila huɗu,
da wurin ajiye kofi, ga ragin dala ɗari uku."
Na ce, "Yaro, araha ba ta ado.
Kofi a ɗaki nake sha.
Gaya mini, in raɓa ta kwanta da asuba,
murɗa ɗaya yake tashi, ko sai da lallashi?
In bel ya tsinke ran Asabar,
a nan zan samu, ko sai na jira jirgin ruwa?"
Ya duba takardarsa. Ba ta da cewa.

Can baya wani tsoho ya yi tari.
Merle ne, makaniki, yatsa ɗaya babu.
Ya ce, "Filinki nawa?"
Na ce, "Eka biyu da rabi, da gangare wajen tafki,
da itacen tuffa bakwai da sai an kewaya."
Ya ce, "To bar kallon fenti, sunkuyo."
Na sunkuya, gwiwa na tsinuwa.

Ya nuna mini cikin ƙarfen, inda wuƙaƙe ke juyawa:
wannan sirara ne, dutse ɗaya zai lotsa shi;
wancan walda ce mai kauri, ƙwanƙwasa ki ji.
Na ƙwanƙwasa. Ya amsa da murya ƙasa-ƙasa,
irin ta wanda bai saba alkawari ba
balle ya koyi saɓawa.

Na buɗe littafin Orvel, shafi na ƙarshe,
rubutun da hannu na rawa:
"Kada ki sayi abin da Merle ba zai gyara ba."
Na rufe. Na ce ba na cinikin biri a sama,
a ba ni makulli, in hau.
Na zaga bayan shagon sau biyu, na taka birki a tudu,
ya tsaya cak, bai zame ba.
Koren ne, mara fitila, mai tsada,
kujerarsa na da taurin kai kamar mai hawa.

Ran Laraba suka kawo shi.
Murɗa ɗaya.
Tsuntsaye suka watse daga kan waya,
maƙwabciyata Ardis ta ɗaga labule tana leƙowa.

Na aske gangare, na kewaye tuffa shida.
A gindin na bakwai, inda yakan jingina ya huce,
na ɗage wuƙa, na wuce a hankali.
Nan kam na bar ta ta yi tsayi,
ta kai inda take son kaiwa.