Duhun da Ke Tsakani

Shekara goma sha tara na yi a bayan majigi,
cikin ɗakin da bai fi rumbun gero ba,
zufa na bin gadon bayana,
zaren fim na bin yatsuna.
Hoto ashirin da huɗu kowace daƙiƙa:
abin da inji ke taunawa ke nan,
abin da Maradi ke haɗiya.

Yau sinimar ta zama ma'ajiyar siminti.
Jikana Rabe ya kama shago a Bagalam,
talabijin huɗu, benci biyu, janareto mai tari,
yara na biyan dala ashirin
su buga ƙwallo da babban yatsa.

Ran Laraba na kai masa fura,
na tarar da shi dafe da kai:
"Kaka, ya faɗo talatin! Ɗingishi yake yi!"
Na dubi allon, ban ga gurgu ba,
'yan wasa na kwarara kamar Gulbi a tsakiyar damina.
Na ce, talatin?
Mu da ashirin da huɗu muka sa mahauta hawaye,
muka sa direban tirela ya ɓoye fuska a hula.
"Sittin nake so," in ji shi,
ko ɗago kai bai yi ba.

Da dare na buɗe gwangwanin madara
inda na ɓoye guntun fim kamu ɗaya.
Na ɗaga shi ga fitila:
wani mutum na dirowa daga jirgin ƙasa,
hannunsa a dame, ƙafarsa hayaƙi,
babu hoto ɗaya da ya fita tsaf.
Kuma tsakanin hoto da hoto ƙyaure ke rufewa.
Asirin masu majigi ke nan:
rabin kuɗin tikitinku duhu kuka saya,
ido ke ɗinke ɓarakar,
bai taɓa neman ladan ɗinki ba.

Da safe na koma da hujjata a aljihu.
Rabe bai yi gardama ba,
sai ya ɗora mini abin dannawa a tafi:
"Mai jar riga naka ne. Kora shi."
Na danna.
Ya motsa, amma sai da ya yi shawara,
kamar ɗan aike mai ƙiwuya.
Jinkirin bai kai ƙiftawa ba,
amma a cikinsa aka ƙwace mini ƙwallo,
yaran benci suka kwashe da dariya.
Rabe ya taɓa wani abu. "To, yanzu fa?"
Wallahi sai ga mai jar riga ya zama ƙafata,
ƙafar da na rabu da ita tun ina ɗan talatin.

Guntun fim bai fito daga aljihu ba.
Ashe ido baƙo ne,
abin da aka ajiye masa ya ci, ya gode.
Hannu mai gida ne,
in ya yi kira yana son a amsa
tun bai rufe baki ba.

Ana haka janareto ya yi tarinsa na ƙarshe.
Allo huɗu suka mutu tare,
yara suka fita suna tsaki.
Ni na zauna. Wannan duhun na san shi.

Rabe, kakarka Tsahara,
hotonta nawa ya rage mini?
Ɗaya tana tankaɗe a bakin ƙofa.
Ɗaya tana korar jar akuya daga shanya.
Ɗaya a asibiti, ba na son wannan.
Uku, a shekara goma sha ɗaya.
Sauran duk duhu ne,
amma ga ta nan tana tafiya,
ko ɗingishi babu.

Je ka sayo mai.
In wuta ta dawo, a ba ni mai jar riga.