Sha Tara ga Yuni

Rediyon Isaka mai aski ya ce:
a rana mai kamar ta yau
an haifi wani sarki a ƙetaren teku,
wani janar ya faɗo daga doki bai tashi ba,
an sa hannu kan takardar sulhu
wadda ba ta kai kaka ba.
Mai karatun ya yi tari, ya wuce farashin koko.

Ni ina Aboabo, ruwa na dukan kwanon rufi,
an ɗauke wuta, keken ɗinkina ya yi shiru,
sai na jawo akwatin ƙarfen Baba Gariba.
Namu tarihin yana cikin murfin,
da ajami, tawadar ta koma ruwan goro.

Layin farko: ranar da mota ta sauke shi Alabar
da buta, da tabarma, da sunan wani kawu
da aka ce ya koma Salaga tun bara.
Ya ga kalanda a shagon mai sabulu,
ya tambaya, aka faɗa masa, ya riƙe.
Cikin ranakun Bature duka, ita kaɗai ya riƙe.

Mu da sunan rana muka san haihuwa.
Maƙwabciyarmu Afuwa, innata Jummai,
kan murhu suke dariya
wai sunansu ɗaya, bakin ne biyu.
Amma akawu bai san Juma'a ba, lamba yake nema.
"Yaushe aka haifi matarka?"
Baba ya dubi rufi. Sha tara ga Yuni.
"Ƙanenka fa?" Sha tara ga Yuni.
Har Goggo Adiza, da kowa ya shaida
cikin rani ta zo, rijiyoyi a ƙafe.
Akawu ya ɗaga kai, ya sauke, ya buga hatimi.
Mutum bakwai a gida guda
rana ɗaya ta kwashe mu
kamar motar Kejetiya, mai gidan uku an matsa biyar,
ba wanda ya sauka.

Sai shekarar da Memuna ta zo.
Da asuba, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
na shiga soro da takardar asibiti a ƙarƙashin riga.
Baba ya sa na karanta masa sau biyu.
Ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
"An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya,
to ga tawa ta haihu."
Layin nan ya fi sauran kauri,
ya danna alƙalami har ya karce fenti.

Shi kuma bai jira ba.
Sha takwas ga wata, bayan isha'i,
ya nemi ruwa, bai sha ba.
Likita ya duba agogo ya rubuta abin da ya gani.
Washegari muka kai shi Tafo,
jan laka na cire mana takalma.

Kwana arba'in murfin na buɗe, hannuna ya ƙi.
Inna ce ta tarar da ni, tana tsince wake:
"Kai da ka yi allo, yaushe rana ke farawa?
Ba da faɗuwarta ba?
Daren gobe ya tafi. Rubuta masa abinsa."
Na rubuta. Rubutuna ya karkace kusa da nasa.

Rediyon ba zai ambaci ko ɗayanmu ba.
Ban ji haushi ba. Janar ɗin ma
wani ne ya zauna ya zaɓa masa layi.

An kawo wuta. Keke ya zabura da kansa.
Memuna na bakin ƙofa, shekara tara yau,
tana tambaya ko rigar ta kusa.
Na rufe akwatin.
Saura wuri a murfin, kamar faɗin yatsa uku.