Dankalin Malama Hilaria

A bakin tafkin Titikaka makarantarmu take,
ɗaki uku, rufin kwano, iska ba ta neman izini.
Shekara biyu Malam Evaristo yana koyar da mu,
mun fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa.
Alli na kuka a allo, mu muna kwafa,
kai a ƙasa, kamar kaji a kan tsaba.
Ba mugu ba ne. Da albashinsa yake sayen alli.
In ya ce, "Kun gane?" sai mu ce, "Mun gane,"
shi ya san ƙarya muke, mu mun san ya sani,
a haka ƙararrawa take raba mu lafiya.

Sai ga Malama Hilaria daga birni,
da takalmin da bai san taɓo ba.
Makon farko ta jefa tambaya ta fi ɗari,
duk suka nutse kamar dutse a tafki.
Ba ta san da Aimara muke tunani ba,
da Sifaniyanci kuma ake son amsa,
kafin magana ta haye gadar nan
sanyi ya riga ya kashe ta a hanya.

Wata safiya a tsakiyar watan Yuni
ta ajiye dankali ɗaya a kan tebur,
baƙi, daskararre, raɓa ta kwana a kansa.
Ta ce, "Na ga iyayenku suna taka shi da ƙafa,
yana zubar da ruwa kamar mai kuka.
Ɗanye ba ya yin haka. Ni ban gane ba."

Ta yi shiru.
Shirun ya yi tsawo har ya fara ƙaiƙayi.
Ba ta cece mu ba. Ta zauna, ta naɗe hannu.

Rufino, wanda aikinsa ƙirga kwalekwale ta taga,
wanda muka ɗauka muryarsa a gida yake barin ta,
ya ce da harshen kakarsa, ƙasa ƙasa:
"Dare ne yake fasa shi daga ciki.
Rana ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe."

Ta tashi ta rubuta maganarsa a allo,
ta rubuta ba daidai ba.
Dariya ta ɓarke. Yeni ta fita ta karɓi alli,
Wilber ya ce ita ma ta ɓata,
aji ya zama kasuwar Lahadi,
malama a gefe tana tambayar ma'ana
kamar baƙuwa mai neman hanya.

Daren nan muka bar kwalba cike da ruwa a waje.
Da safe ta tsage daga wuya har gindi.
Rufino ya ɗaga ta sama, bai ce komai ba,
amma kunnuwansa sun yi ja.

Kada in yi muku ƙarya, ba kowa ya farka ba.
Nélida ta ci gaba da gyangyaɗi a bencin baya,
tun kafin asuba take fita da tumaki.
Rufino ma, da shekara ta zagayo,
tarun mahaifinsa ya fi allo ƙarfi.
Har yau in na sayi kifi a hannunsa
sai ya tambaye ni labarin kwalbar.

Yanzu ni ke riƙe da alli a ɗaki na biyu.
Abin da ya fi ba ni wuya ba lissafi ba ne,
shirun nan ne bayan tambaya,
lokacin da amsa take ƙuna a bakina,
yara talatin suna kallon ƙasa,
ni kuma ina danne harshena da haƙori,
ina jiran wanda ke kusa da taga.